Tebur Mai Lamba da Teburin Ganin Dama: Tarihin Abincin Dare a Jiragen Ruwa

Wanda ya tashi yankar tikitin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a yau, ko daga Miami zai tashi, ko Southampton, ko Basalona, kafin a gama da shi sai an tambaye shi yadda yake son cin abincin darensa. Hanya biyu ce a gabansa. Ko dai a yanka masa lokaci da tebur mai lamba, ya zauna nan kowane dare da mutanen da aka haɗa shi da su da mai hidima guda har a sauka, ko kuma a bar shi ya shigo zauren cin abinci sa'ad da ya ga dama, daga wajen biyar da rabi na yamma zuwa tara da 'yan mintoci, a zaunar da shi inda gurbi ya samu. Sabon shiga yakan ɗauki tambayar da wasa. Tsoffin matafiya sun san ita ce ke tsara wa mutum yammacinsa gaba ɗaya: yaushe zai dawo daga yawon gari, wane wasa zai kalla, da wa zai yi hira. A manyan jirage wannan zaɓi bai daɗe ba, a shekarar 2000 ya kankama. Kafin nan an yi shekara 160 ana ci da ƙararrawa.

A ranar 4 ga Yuli, 1840, jirgin Britannia na Samuel Cunard ya bar Liverpool ya nufi Halifax da Boston. Jirgin katako ne mai tafiya da tururi, babban aikinsa dakon wasiƙu, fasinja kuwa ɗari da 'yan kai yake ɗauka. Har saniya aka ɗaure a cikinsa don a samu madara. Ɗakin cin abincin dogo ne siriri, tebura dogaye, benci a kowane gefe. Idan teku ta tashi sai a kafa 'yan katakai a bakin tebur su tare faranti, wani lokaci a jiƙa mayafin tebur da ruwa don kada kofi ya sulale. Idan abinci ya nuna sai a kaɗa ƙararrawa kowa ya zo. Marubucin Ingila Charles Dickens ya shiga wannan jirgi a Janairun 1842, ya kuma yi ƙorafi sosai a littafinsa American Notes kan ƙuncin ɗakin da abin da ake dafawa. Da zai koma gida jirgin iska ya hau.

Kamfanin White Star ne ya fara gyara zama. A jirginsa Oceanic na 1871 an ɗauke zauren masu daraja ta ɗaya daga ƙarshen jirgi, inda ruri da girgiza suka fi yawa, aka kawo shi tsakiya, aka shimfiɗa shi faɗin jirgin duka, kujeru suka maye gurbin benci. Da zarar kowa ya samu kujerarsa sai maganar wa zai zauna ina ta taso. Rabon wurin zama ya zama aikin babban jami'in hidima, wanda yakan duba jerin sunayen fasinja ya auna kowa da matsayinsa. Teburin kyaftin shi ne ƙololuwa, masu kuɗi har kamun ƙafa suke yi don a gayyace su. Can ƙasa kuwa, inda 'yan ci-rani masu ƙaura zuwa Amurka suke cunkushe, an daɗe mutum na zuwa da kwanonsa da cokalinsa, ya bi layi a zuba masa.

Wanda ya fara ɓalle wannan ƙa'ida Bajamushe ne, Albert Ballin, shugaban kamfanin Hamburg-Amerika. Shi ne a Janairun 1891 ya tura jirgin Augusta Victoria yawon kusan wata biyu a Bahar Rum, don kada ya yi zaman banza a lokacin hunturu, tafiyar da ake lissafawa cikin tushen yawon shaƙatawa a teku. A 1905 ya fito da jirgin Amerika, ya buɗe a cikinsa gidan abinci mai suna Ritz-Carlton, wanda mutanen César Ritz, shahararren mai otal, suka tsara suka kuma horar da ma'aikatansa. A nan babu ƙararrawa. Mutum ya zo lokacin da ya so, ya zauna da wanda ya so a ƙaramin tebur, ya zaɓi abin da ransa ke so, ya biya daban. Wanda ya ce can zai riƙa ci duk tafiyar, ana rage masa wani abu a kuɗin tikiti.

Jirgin Titanic na 1912 ya tattara duka tsarin a ciki guda, shi ya sa yake da kyau a tsaya a dube shi. A babban zauren daraja ta ɗaya, mai cin mutum sama da 500, mai busa begila ne ke zagayawa yana kiran mutane idan lokaci ya yi. Sama da shi akwai gidan abinci na musamman da wani Ba'italiye, Luigi Gatti, ke gudanarwa, a buɗe daga takwas na safe zuwa sha ɗaya na dare, ga wanda aljihunsa zai iya. A ƙasa, zauren daraja ta uku kujera 473 gare shi, ga fasinja sama da 700, don haka sai a raba su kashi biyu, wasu su ci su tashi wasu su zauna. Wato hanyoyi biyun da ake tambayar matafiyi a yau duk suna nan tun wancan lokaci. Cin ganin dama daga benen attajirai ya sauko, zama biyu kuma daga ɗakin talakawa ya hau. Abin da mutane da yawa ke kira al'adar manya ta teku, rabinsa dabara ce ta rashin wuri.

Tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu aka kai ƙarshen ƙawa. Zauren Normandie na Faransa, 1935, ya fi mita 90 tsawo, yana zaunar da mutum 700 a tashi ɗaya a tsakanin ginshiƙan gilashin Lalique masu haske. Queen Mary, 1936, tana da Verandah Grill, ɗan wuri na kimanin mutum 80 da ake biya daban, mutane na kama tebur tun kafin ranar tashi. Wannan tsari na daraja-daraja shi ne ɗalibai da ma'aikatan Afirka ta Yamma suka tarar a jiragen Elder Dempster, irin su Aureol, wanda ya yi ta zirga-zirgar kusan mako biyu tsakanin Ikko da Ingila daga 1951 zuwa 1974.

Jirgin sama ne ya kashe wannan duniya. A Oktoban 1958 kamfanin Pan Am ya fara jigila tsakanin New York da Paris da Boeing 707, tafiyar kwana biyar ta koma ta sa'o'i. Kamfanonin ruwa da suka tsira sai suka juya ga sayar da hutu. A 1966 Knut Kloster da Ted Arison suka fara kai mutane tsibiran Karibiyan daga Miami da jirgin Sunward. Royal Caribbean ya fito da Song of Norway a 1970, Arison ya kafa Carnival a 1972 da tsohon jirgi mai suna Mardi Gras. Waɗannan jirage ba su raba mutane daraja-daraja, kowa fasinja ne. To a ina za a zaunar da mutum dubu a lokaci guda? Kowane taku da aka ba zauren cin abinci an hana shi ɗakin kwana, kuma ɗakin kwana shi ke kawo kuɗi. Sai aka gina zaure mai cin rabin jama'a, aka raba dare biyu: zaman farko wajen ƙarfe shida, na biyu wajen takwas da kwata ko da rabi.

Duk daren jirgi a kan wannan rabo aka ɗora shi. Masu wasan dandamali sukan yi wasansu sau biyu, wasu na kallo wasu na ci, sannan a yi musaya. A madafa kukuma na jere a layi, faranti ɗaruruwa na fita a tare: abin buɗe baki, miya, nama ko kifi, sannan kayan zaƙi. Duk wadda ta taɓa riƙe tukunyar biki ta san sauƙin da ke cikin a ce mata mutum kaza za su zauna ƙarfe kaza, ta kuma san wahalar baƙin da ke zuwa ɗaiɗai har tsakar dare. Tsakanin zama da zama ma'aikata na da kamar rabin sa'a su kwashe, su sake shimfiɗa, su jera cokula da kofuna, su tsaya a bakin teburansu ana buɗe ƙofa.

Larura ce ta haifi tsarin, amma abin da ya tsiro a cikinsa ya wuce larura, kuma a ganina shi ne mafi daraja a duk wannan labari. Mai hidima da mataimakinsa suna riƙe da mutum goma sha wani abu zuwa ashirin na tsawon mako. Daren farko ya tambayi sunanka. Dare na biyu, kafin ka ja kujera, shayinka na nan yadda kake sha, an kawar da abin da ka ture jiya, an yanka wa ƙaramin yaro namansa. A tebur mai mutum takwas za ka ga gwauruwa da ta fito ita kaɗai, da ango da amarya, da tsohon malamin makaranta da matarsa. Ranar farko gaisuwa ce sama-sama, kafin rana ta huɗu idan kujera ɗaya ta zauna babu kowa sai a tambaya ko lafiya. Kamfanin Holland America, wanda tun farkon shekarun 1970 yake ɗaukar ma'aikata daga Indunusiya yana horar da su a makarantarsa ta Jakarta, a wancan zamani yakan sa wani matashi cikin kayan ado ya zaga yana kaɗa 'yan ƙarafa masu daɗin amo don a san lokaci ya yi. Dare na kusa da ƙarshe a rage fitilu, ma'aikata su shigo a jere ɗauke da wainar ƙanƙara mai suna Baked Alaska, wuta na ci a kanta, jama'a na kaɗa adiko. Daren ƙarshe kowa ya miƙa wa mai hidimarsa ambulan na tukwici hannu da hannu. Shirin talabijin na Amurka, The Love Boat, wanda aka nuna daga 1977 zuwa 1986, ya kai wannan hoto gidajen miliyoyin mutanen da ba su taɓa ganin teku ba.

Tsarin yana da nasa ciwo. Ƙarfe shida ta yi wuri ga wanda ya yini yana yawo a gari, ya dawo a gajiye ga wanka ga sauya kaya. Takwas da rabi ta yi dare ga yara da tsofaffi, don sai goma ta wuce ake tashi. Idan kuma aka haɗa ka da mai surutu ko mai gardamar siyasa, to ka shiga uku, sai ka je ka roƙi shugaban zaure ya sauya maka, kana ɓuya kada ku haɗu a lif. Ga daren kwat da nektayi, wanda matasa da yawa suka ce ba don shi suka biya kuɗin hutu ba.

Mafita ta sake ɓullowa daga wajen masu hali. Ƙananan jirage masu tsada, Sea Goddess a 1984, Wind Star a 1986, Seabourn a 1988, fasinjansu ɗari ne zuwa ɗari biyu, zaure ɗaya ya ishe su, don haka suka ce kowa ya zo sa'ad da ya shirya. Disney ya bi wata hanya a 1998 da jirgin Disney Magic: lokaci tsayayye ne, abokan tebur su ne dai, amma kowane dare iyali na komawa wani zaure cikin uku, mai hidimarsu na biye da su. Har yau haka suke yi, kuma ban ga dabarar da ta fi ta fahimtar abin da mutane ke so su riƙe da abin da suke so ya sauya ba.

Babban juyi daga Asiya ya zo. A 1993 rukunin Genting na Malesiya, ƙarƙashin Lim Kok Thay, ya kafa Star Cruises, mai gajerun tafiye-tafiye daga Singapore da Hong Kong. Fasinjansa iyalai ne da abokai masu tafiya a ƙungiya, ba su da sha'awar zama da baƙi ko bin agogon Turawa, saboda haka jiragensa, irin su SuperStar Leo da SuperStar Virgo, aka cika su da gidajen abinci iri-iri. A 2000 Star ya sayi Norwegian Cruise Line, wanda a lokacin manyan abokan gasarsa sun yi masa nisa. Sabon shugaba, Colin Veitch, ya ɗauko tsarin Asiya ya sa masa suna Freestyle Cruising, aka fara da jirgin Norwegian Sky a wannan shekara. Babu lokaci, babu lambar tebur, babu tilas a saka kwat. A 2001 Norwegian Sun da Norwegian Star suka fito, an ƙera su tun asali don wannan tsari, na biyun da wuraren cin abinci 10.

Sauran ba su yi saurin zubar da tsohon tsari ba, sai suka raba ƙafa. Princess ya fara a 2001, wani zaure na masu lokaci, wani na masu ganin dama. Holland America ya biyo a 2007 da As You Wish, sannan Royal Caribbean da My Time Dining, Carnival da Your Time Dining, Celebrity da Select Dining, duk kafin 2010 ta fita. P&O na Birtaniya ya kira nasa Freedom Dining, tsohon kuma Club Dining. Daga nan ne tambayar ta shiga takardar yankar tikiti.

Sai dai 'yancin bai zo kyauta ba. Da aka bar wa mutane zaɓi, kusan kowa ƙarfe bakwai zuwa takwas ya zaɓa, kujeru kuma ba su ƙaru ba. Layi ya kafu a bakin ƙofa, aka fara raba 'yar na'ura mai ƙara a aljihu idan tebur ya samu. Don kauce wa layi sai aka ce a kama wuri tun da wuri, wanda ya nemi tsira daga agogo ya koma yana lissafin sa'o'i a waya tun yana gida. Gidajen abincin da ake biya daban suka yawaita, suka zama babbar hanyar samun kuɗi ga kamfanoni, kuma tsoffin matafiya da dama suna kukan cewa abinci mai kyau ya gudu can. Ambulan ma ta kau, tunda ba a san wa za a ba ba. Aka mayar da tukwici kuɗin da ake ɗora wa kowane fasinja kullum a lissafinsa, a raba wa ma'aikata. Ta wani gefen hakan ya kare ma'aikaci daga marowacin da ke ɓacewa daren ƙarshe. Ta wani gefen kuma mutumin Filifin ko Indiya da ya bar iyalinsa wata shida zuwa tara, yana aiki kullum babu ranar hutu, ya rasa abin da ke bambanta ƙwarewarsa da ta wani. Yau fuskoki ashirin, gobe wasu ashirin, babu wanda zai riƙe sunansa. Ba a cika sa wannan a ma'auni ba idan ana zaɓe, alhali ya cancanta.

Sau biyu manyan kamfanoni suka gwada binne tebur mai lamba, fasinja suka tono shi. A 2014 Royal Caribbean ya fito da Quantum of the Seas babu babban zaure ko ɗaya, sai ƙananan gidajen abinci da ake kama wuri a cikinsu ta intanet, tsarin da ya kira Dynamic Dining. Ƙorafi ya yi yawa, kan layi da kan rashin mai hidima tsayayye. A 2015 aka ƙara zaɓin da mai hidima ke bin mutum zaure zuwa zaure, a 2016 aka janye tsarin daga jirgin Anthem of the Seas aka koma gidan jiya. Sai annobar korona: a Fabrairun 2020 aka killace Diamond Princess a Yokohama da mutum 3,711, wata guda bayan nan jiragen duniya suka tsaya cak. Da aka dawo, zama da baƙo a tebur ɗaya ya zama abin tsoro na ɗan lokaci, manhajar waya ta karɓe ragama. Princess ya mayar da komai kan manhaja a 2021 da tsarin Dine My Way, amma a 2024 ya sake ware zaure guda don masu son tsohon tsari na zama biyu. Akwai dai waɗanda suka yi nasara da sabon salo, kamar Virgin Voyages, wanda ya fara jigila a 2021 da wuraren ci sama da 20 ba tare da babban zaure ba, sai dai shi manya kawai yake ɗauka, kuma tun farko ya faɗa wa mai saye abin da zai tarar. Cunard kuwa, jikan Britannia, har yau darajar ɗakinka ce ke nuna zauren da za ka ci a Queen Mary 2.

Idan aka tambaye ni, tsawon tafiya da yanayin matafiyi ne ke yanke hukunci. Mai tafiyar kwana uku ko huɗu, ko wanda jirginsa ke tsayawa a sabon gari kullum har yamma, ganin dama ya fi masa. Mai doguwar tafiya a tsakiyar teku, da mai tafiya shi kaɗai, da dangi masu yawa da ke son tebur babba ya jira su kowane dare, su riƙe lokaci tsayayye, su kuma nema da wuri, don zaman farko shi ke fara cika tun watanni kafin tashi.

Musulmi yana da ƙarin lissafi. A Karibiyan da hunturu rana na faɗuwa wajen shida saura, daidai da zaman farko. A Bahar Rum da bazara magariba na kaiwa takwas da rabi ko tara, daidai da zama na biyu. Mai azumi ma dole ya duba wannan. Ta nan ganin dama ya fi sauƙi. Amma ta fuskar abin da ke cikin faranti, mai hidima tsayayye ya fi komai amfani: sau ɗaya za ka gaya masa ba ka cin naman alade, ba ka son miyar da aka zuba wa giya, daga nan shi zai riƙa tsare maka, shugabansa kuma ya kawo maka jerin abincin gobe tun yau ka zaɓa a dafa maka daban. Wanda ya zaɓi ganin dama yana iya samun rabin wannan idan ya roƙi a riƙa zaunar da shi a sashen mai hidima ɗaya, kuma galibi ana yi wa mutum idan ya kauce wa cunkoson ƙarfe bakwai.

Ga masu tashi daga Jidda wannan damuwa ta ragu. Kamfanin Genting Hong Kong, magajin Star Cruises, ya durƙushe a Janairun 2022 sakamakon annoba, aka yi gwanjon jirginsa World Dream, kamfanin Cruise Saudi ya saye shi a 2023. An gyara shi, aka sa masa suna Aroya, ya fara yawo a Bahar Maliya a Disambar 2024, abincinsa duka halal, babu giya, babu caca.